DJ Hero, DJ Hero 2 ko Fuser: wanne ya cancanci kuɗinka idan juya faifai kake so?

Wasannin gem da ke ɗora mutum a matsayin DJ ba su taɓa yawa ba, kuma waɗanda suka fi suna a cikinsu duk sun bar kasuwa. DJ Hero ya fito a 2009, ƙanensa DJ Hero 2 ya biyo shi a 2010, daga nan kamfanin Activision da ya wallafa su ya rufe babin. Fuser ya zo a 2020, shekara biyu da 'yan makonni aka janye shi daga sayarwa. Saboda haka mai son irin wannan wasa a yau ba shago zai shiga ya nuna da yatsa ba. Cigiya zai yi, ya bi masu kayan hannu, wataƙila ma sai ya sa an kawo masa daga waje. Kafin a sha wannan wahala, gara a san abin da ake nema.

Aikin DJ kashi biyu ne. Akwai na hannu: gurza faifai gaba da baya, yanke sautin wannan waƙa a buɗe na waccan, shiga daidai kan bugu ba tare da an makara ba. Akwai kuma na kunne: sanin wace waƙa za ta hau kan wace, yaushe za a cire ganga a bar murya ita kaɗai, yaushe jama'a suka gaji suna son canji. Babu wasa ɗaya da ya haɗa biyun yadda ya kamata. DJ Hero ya ɗauki hannu ya bar kunne. Fuser ya ɗauki kunne ya bar hannu. Wanda ya sayi ɗaya yana tsammanin ɗayan, shi ne zai ce an cuce shi, alhali wasan bai yi masa alkawarin abin da ya zo nema ba.

Mu fara da na hannu, domin shi ne yake da faifai na gaske da za ka taɓa.

Kamfanin FreeStyleGames da ke garin Leamington Spa a Ingila ne ya ƙera DJ Hero, ya fito a watan Oktoba na 2009 a kan PlayStation 2, PlayStation 3, Xbox 360 da Wii. Ba da hannun gem na yau da kullum ake buga shi ba. Yana zuwa da na'urarsa: faifan roba mai juyawa, da madannai uku a kansa, kore da ja da shuɗi. A gefe akwai wani ɗan akwati mai ɗauke da kurosfeda, wato madannin da ke zamewa hagu da dama kamar sakatar ƙofa, sai abin murɗawa na canza launin sauti, sai wani maɓalli da ke kawo jan haske wanda suka kira Euphoria. A talabijin za ka ga layuka uku suna gangarowa a lanƙwashe a kan hoton faifai. Koren layi waƙa ta farko ce, shuɗi ta biyu, ja kuma na 'yan sautukan ƙari ne da ake jefawa a tsakani.

Ga yadda minti ɗaya yake a cikin wasan. Yatsunka uku na dama suna kan madannan faifai, hannun hagu yana riƙe da kurosfeda a tsakiya, waƙoƙin biyu suna tafiya tare. Sai koren layi ya karkata ya fita hagu. Dole ka ja kurosfeda hagu a daidai lokacin, nan take waƙa ta biyu ta yi tsit, ta farko ta cika ɗakin. Kafin ka numfasa ga alamar gurza ta iso: ka danne kore, ka riƙa tura faifan gaba da baya, muryar mawaƙin tana kekkecewa a ƙarƙashin yatsanka. Ka saki, ka mayar da kurosfeda tsakiya, ka buga ja sau biyu, sai ga shuɗin layi ya fita dama. Idan ka jera bugu masu yawa ba kuskure, wasan zai ba ka damar murɗa faifan baya da ƙarfi, kiɗan ya koma baya ka sake buga wurin don ƙarin maki. Wannan murɗawar, da ƙarar da take yi, tana cikin abubuwan da suka fi daɗi a duk wasannin kiɗa da na sani. Euphoria kuwa idan ka tara shi ka danna, makinka ya ninku, kuma wasan ya karɓe maka aikin kurosfeda na ɗan lokaci. Masu wayo suna ajiye shi sai wurin da layukan suka rikice.

Matakan wahala biyar ne. A na ƙasa kusan danna madanni kawai ake yi, yaro ma zai iya. A matsakaici kurosfeda ta shigo. A manyan biyun kuwa gurzar ma tana da alƙibla: kibiya ta nuna sama ka tura, ta nuna ƙasa ka jawo, sannan ga wasu 'yan tsinin da ke buƙatar ka fizgi kurosfeda gefe ka dawo da ita cikin ƙiftawar ido. Wani abin da na yaba shi ne ba a korar mutum daga waƙa. Ko ka yi ta kuskure, kiɗan zai kai ƙarshe, taurarinka ne kawai za su ragu. Ga mai koyo wannan rahama ce babba.

Amma a sani tun yanzu: ba kai kake haɗa waƙoƙin ba. An riga an haɗa su a situdiyo, ƙwararru sun zauna sun tsara kowace gurza da kowane yanka. Kai aikinka shi ne ka sake aikata abin da suka yi, daidai yadda suka yi. Idan ka yi daidai haɗin ya fito cak, idan ka kuskure wani sashe ya ɓace. Wanda ya zo da burin ya ɗora waƙar da yake so a kan wata, ba zai samu ba. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibu ba, domin haɗe-haɗen da aka shirya ɗin su ne dukiyar wasan, kuma da wuya ɗan koyo ya haɗa irinsu da kansa ko da an sakar masa kayan aiki.

To tsakanin na farko da na biyu fa? Nan ne mafi yawan masu saye suke tsayawa, kuma nan ne ya kamata a daɗe.

Na farkon yana da haɗi 93, na biyun 83. Kada adadin ya ruɗe ka, bambancin da ke da muhimmanci yana cikin irin kiɗan. DJ Hero na 2009 ya jingina da tushen sana'ar: hip-hop, tsohon fonk da sol na baƙaƙen fatar Amurka, ɗan rok, da kiɗan lantarki. Grandmaster Flash, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan fasaha a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970, shi ne muryar da ke koya maka wasan tun daga darasin farko. Akwai DJ Jazzy Jeff, DJ Shadow, Z-Trip, da DJ AM wanda ya rasu a watan Agusta na 2009, wata biyu kafin wasan ya fito. Daft Punk na Faransa suna ciki har da dandalinsu na musamman. Haɗe-haɗen suna da ƙarfin hali: za a ɗauko muryar Marvin Gaye ta shekarun 1960 a ɗora ta kan kiɗan Gorillaz, abu biyun da ba ka taɓa zaton za su zauna inuwa ɗaya ba, ka ji sun dace kamar tare aka yi su. Wannan mamakin shi ne ruhin wasan farko, kuma yana maimaita shi sau da yawa.

Na biyun ya karkata ga abin da ake ji a rediyo da gidajen rawa a 2010: kiɗan haus (wato house, wani nau'in kiɗan lantarki na rawa), pop, da hip-hop na lokacin. Fuskokin da aka sa a gaba su ne David Guetta, Tiësto da deadmau5, tare da RZA da DJ Qbert don kada a bar masu gurza a baya. Kiɗan ya fi santsi, ya fi saurin shiga kunnen wanda bai san tarihin abin ba, kuma idan baƙi suka cika falo shi ne zai fi motsa su. Sai dai wani lokaci za ka ji waƙoƙi biyun da aka haɗa dama can 'yan gida ɗaya ne, haɗa su bai zama abin mamaki ba. Ta fuskar kiɗa zalla, ni na farko nake bai wa kambu, kuma ba da ƙaramar tazara ba.

Ta fuskar wasa kuwa labarin ya juya. Masu ƙera shi sun saurari koke-koken da aka yi, sun gyara kusan duka. Babban ƙorafi a kan na farko shi ne mutum ba shi da ta cewa. Ɗan 'yancin da aka ba shi bai wuce wuraren da zai danna ja ya jefa wani ihu ko ƙara da ya zaɓa tun kafin a fara ba, kuma sau da yawa ihun ba ya ma dacewa da waƙar, sai ya ɓata ta. A na biyu an buɗe wurare na musamman inda za ka ja kurosfeda yadda ka ga dama tsakanin waƙoƙin biyu, wasu wuraren ka gurza faifai da salonka, sautukan jan madanni kuma daga cikin haɗin kansa aka ciro su, don haka duk inda ka jefa su suna zama. Ba 'yanci ne cikakke ba, 'yan daƙiƙu ne a cikin kowane haɗi, amma a cikinsu kana jin cewa kunnenka ma yana da aiki. An kuma ƙaro bugu masu tsawo da ake dannewa a riƙe, abin da ya sa hannu ya sami sabon abin koyo.

Tsarin tafiyar wasan ma ya fi kyau. Na farko jerin rukunan waƙoƙi ne kawai: ka tara taurari, a buɗe maka na gaba, ka yi ta gungurawa kana neman inda ka tsaya. Na biyu yana da abin da suka kira Empire, inda kake farawa daga tsibirin Ibiza na Sifaniya kana bin manyan birane, kana karawa da fitattun DJ ɗaya bayan ɗaya. Labarin ba wani mai zurfi ba ne, amma yana ba ka dalilin ci gaba. Akwai kuma dogayen haɗe-haɗe da ake sarƙa waƙoƙi da dama a jere ba tsayawa, kuma a nan ne wasan ya fi kusa da yadda DJ yake riƙe fili na tsawon lokaci ba tare da kiɗa ya yanke ba.

Inda na biyu ya yi wa na farko fintinkau shi ne wasan taro. A na farko mutum biyu da faifai biyu suna buga abu ɗaya ne, a ƙarshe a duba wa ya fi maki. Akwai kuma haɗi goma da ake iya bugawa da jitar roba ta wasan kaɗa jita na Guitar Hero a gefe, ɗaya na faifai ɗaya na jita, wanda aka cire a na biyu. Wanda yake da tsohuwar jitar a gida zai ji rashinsa, sauran mutane ba za su lura ba. A madadinsa na biyu ya kawo karawa iri-iri, ciki har da wadda ake karɓa-karɓa, wannan ya buga sashensa wancan ya mayar masa da martani. Ya kawo makirufo da ake ba wa maki, don mai son rera waƙa ya shigo a matsayin na uku. Ya kuma kawo tsarin da kiɗa ke ta tafiya da kansa, wanda ya ga dama ya ɗauki faifai ya shiga, ya gaji ya ajiye, kiɗan bai tsaya ba. Gidan da ke da 'yan'uwa ko abokai da yawa, wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci.

Don haka idan ɗaya kawai za ka iya saye, DJ Hero 2 ne. Idan kai mai son hip-hop na asali ne, kuma kai kaɗai za ka riƙa bugawa, na farko zai fi zama maka a rai. Abin farin ciki shi ne na'urar faifan ɗaya ce, wadda aka saya don na farko tana aiki a na biyu. Na'urar ita ce mai wuyar samu da tsada. Kaset ɗin wasan a kasuwar kayan hannu yawanci bai kai ta ba. Wanda ya riga ya mallaki faifan, babu dalilin da zai hana shi neman duka biyun. Mai PlayStation 2 ne kaɗai ba shi da zaɓi, domin na biyun bai fito a kanta ba, sai PlayStation 3, Xbox 360 da Wii.

Na'urar tana da lahani guda biyu da ya kamata a faɗa. Na farko, tsakiyar kurosfeda. Akwai ɗan maƙalewa da aka yi a tsakiya don hannu ya gane ya iso, amma ba shi da ƙarfi, cikin sauri sai ka zarce zuwa ɗaya gefen, jerin makinka ya watse. Ana sabawa, amma sai an yi haƙuri. Na biyu, a yadda aka fi riƙe faifan, shuɗin madanni shi ne na ciki, kusa da cibiya, inda juya faifai ya fi nauyi; gurza da shi ya fi wuya sosai fiye da kore da ke bakin gefe. Da yawa suna dafa gefen faifan da babban yatsa don su sami ƙarfin turawa. A gefe guda, an yi wa bahago adalci: akwatin kurosfeda yana cirewa a maƙala shi a ɗaya ɓangaren.

Dalilin mutuwar wasan ba rashin kyau ba ne. Na farkon ya fito a kan dala 120 a Amurka, bugu na musamman mai suna Renegade kuma dala 200, a daidai lokacin da tattalin arziki ya tsuke kuma gidaje suka riga suka cika da jitocin roba da gangunan roba na Guitar Hero da Rock Band. Kasuwar wasannin kiɗa gaba ɗaya tana gangarowa. A watan Fabrairu na 2011 Activision ya rufe sashen da ke kula da Guitar Hero, DJ Hero ya tafi tare da shi. Ƙarin waƙoƙin da ake saukewa ta intanet ma an daina sayar da su a 2014, saboda haka abin da ke cikin kaset shi ne iyakar abin da za ka samu.

Yanzu ga Fuser, wanda kusan kishiyar wancan ne. Kamfanin Harmonix na Amurka ne ya yi shi, su ne suka ƙirƙiro Guitar Hero na farko da Rock Band, NCSoft na Koriya ta Kudu kuma ya wallafa shi a watan Nuwamba na 2020 a kan kwamfuta, PlayStation 4, Xbox One da Nintendo Switch. Ba shi da na'ura ta musamman, da hannun gem ko linzamin kwamfuta ake buga shi. A gabanka akwai mazaunin faifai huɗu, a sama kuma jerin waƙoƙin da ka zaɓo daga cikin fiye da ɗari. Kowace waƙa an tsaga ta gida huɗu: ganga, bes (sauti mai kauri na ƙasa), kayan kiɗan da ke jan waƙar, da murya. Sai ka ɗauko gangar wannan, bes ɗin waccan, muryar wata daban, ka jera. Wasan da kansa yake daidaita saurin bugu da ma'aunin sauti don su zauna tare. Kana iya sa murya biyu a lokaci ɗaya, ka cire ganga ka bar fili, ka rage sauri, ka juya waƙar farin ciki ta koma mai sanyin jiki.

A nan kai ne mai yanke shawara, kuma abin da ya fito naka ne, ba wanda ya taɓa jin sa kafin kai. Ranar da ka dace da haɗin da ya zauna, daɗin da za ka ji ya bambanta da na cin maki. Daɗin wanda ya gano abu ne. Fuser yana koyar da abin da DJ Hero bai taɓa koyarwa ba: ƙirga bugu, jiran farkon zagaye kafin a jefa sabon faifai, gane cewa murya tana da wurin shigarta, da sanin cewa cika sauti ba shi ne gwaninta ba. Sai dai ɓangarensa na neman maki ya fi rauni. 'Yan kallo suna ta aiko da buƙatu, wannan yana son waƙar shekarun 1980, wancan yana son rok, ga umarni daga sama cewa ka sa kaza kafin lokaci ya ƙare. Kana cikin jin daɗin haɗin da ka gina, dole ka rushe shi don ka biya wa wani buƙata. Mai neman maki da mai neman daɗin kiɗa sai su zama mutum biyu masu jayayya a cikin kai ɗaya. Wasan ya fi armashi a inda aka bar ka ka yi abin da kake so ba maki. Hannu kuwa ba ya samun komai: nunawa da dannawa ne, babu abin gurzawa.

Babbar matsalarsa ita ce samuwa. Kamfanin Epic Games ya sayi Harmonix a 2021, a ranar 19 ga Disamba 2022 kuma aka rufe hidimar Fuser ta intanet, aka cire shi da ƙarin waƙoƙinsa daga shagunan saukewa. Wanda ya saya kafin nan yana iya ci gaba da bugawa shi kaɗai. Wanda bai saya ba, ya yi hattara da masu tallan lamba ko asusu a intanet suna cewa akwai wasan a ciki. Cinikin biri a sama ne. Abin da ya fi kusa da shi a yau yana cikin Fortnite Festival, wanda Harmonix ɗin dai suka yi a Disambar 2023. A ɓangarensa na Jam Stage ana ɗora sassan waƙoƙi daban-daban a kan juna da irin wannan dabara. Shiga kyauta ne, amma bai kai Fuser zurfi ba, yawancin waƙoƙin saye ake yi, kuma dole sai da intanet a kunne ga saukewa mai nauyi. Wanda yake auna datarsa da cokali ya yi lissafi kafin ya fara.

Akwai wasu biyu da za a ambata maka idan ka yi tambaya. Beatmania na kamfanin Konami shi ne kakan su duka, ya fito a gidajen gem na Japan a 1997 da madannai biyar da faifai ɗaya. Beatmania IIDX ya biyo a 1999 da madannai bakwai, kuma har yau ana fitar da sababbinsa. Kowane madanni yana fitar da wani sauti na waƙar, akwai kuma ma'aunin da ke cika idan ka dace, ya ragu idan ka kuskure, wanda dole ya kai kashi 80 cikin ɗari a ƙarshe kafin a ce ka haye. Wasa ne mai tsananin wuya da ake shekaru ana koyo, kuma duk da faifan da ke gefe, ya fi kama da kaɗa piyano da gudu. Ba haɗa waƙoƙi ake yi ba. Ga wanda ba ya kusa da na'urarsa, hanyar shiga tana da tsada da wahala. Ban ba sabon shiga shawararsa ba.

Spin Rhythm XD shi ne mai rai a cikinsu wanda za ka iya saye yau ba tare da cigiya ba. Ƙaramin kamfani ne a Ostireliya ya yi shi, cikakkensa ya fito a 2023 a kwamfuta da Switch. Ana juya wata da'ira mai launi biyu don a tari bugun da ke gangarowa, a wulwula ta, a danna. Yana karɓar linzami da hannun gem, kuma yana karɓar na'urar DJ ta gaske da ake haɗawa da kwamfuta. Shi ma waƙa ɗaya ake bi, ba haɗi ba, kuma kusan duk kiɗan lantarki ne. Amma jin juyawa a hannu da DJ Hero ya bari, a nan ne aka fi samun ragowarsa.

Wata gaskiya da ta shafi duka: babu wanda zai mayar da kai DJ. A cikinsu babu inda za ka sa abin ji a kunne ka saurari waƙa ta gaba a ɓoye kana daidaita saurinta da wadda jama'a ke ji, alhali wannan shi ne ginshiƙin sana'ar. Kuma ba a tanadi hanyar sa waƙoƙinka a DJ Hero ko Fuser ba, balle ka sami waƙar Hausa a ciki. Idan burinka shi ne wata rana ka riƙe fili a wurin biki, kuɗin da za ka kashe wajen farautar tsohon faifan roba gara ka tara su ka sayi ƙaramar na'urar koyo irin su Pioneer DDJ-FLX4 ko ƙananan na Hercules da Numark. Manhajar Mixxx kyauta ce, tana karɓar duk waƙar da ke kwamfutarka. Ita ba za ta ba ka taurari ba, kuma makonnin farko ba su da daɗi kamar gem, amma abin da ka koya a can shi ne ake biya a kansa. Masu saya wa yara kuma su sani cewa waƙoƙin gidajen rawa ne na Turai da Amurka. An tace kalaman da suka fi muni, amma a Amurka an sa wa DJ Hero alamar matasa ne, ba ta ƙananan yara ba, kuma akwai hotunan masu rawa a bayan fage.

Idan ka tsaya a kan DJ Hero, ga abin da za ka duba kafin ka miƙa kuɗi. Kowace na'urar gem da faifanta: na Xbox 360 ba ya aiki a PlayStation, na Wii ba ya aiki a ko ɗaya. Na PlayStation yana buƙatar wani ɗan abin karɓar sigina da ake sokawa a USB, kuma shi ne abin da ya fi ɓacewa a kayan hannu. Faifai in babu shi ba komai ba ne, kada ka yarda da "za ka samu a kasuwa". Na Xbox 360 yana haɗuwa da na'urar kai tsaye. Na Wii kuwa rimot ɗin Wii ake sakawa a cikinsa, kuma yana aiki a Wii U. PlayStation 4 da 5 da sababbin Xbox ba sa karɓar wasan, dole sai tsohuwar na'ura. Ka kula da yanki: Wii da aka sayo daga Amurka ba ta karanta kaset na Turai, haka ma PlayStation 2, amma PlayStation 3 ba ta da wannan matsala a wasanninta, shi ya sa na fi ba da shawararta.

Ka buɗe ma'ajin batir ka duba ko tsohon batir ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen. Ka juya faifan ka ji ko yana tafiya sumul ba ya gogar wani abu. Ka danna madannan uku ɗaya bayan ɗaya, ka ja kurosfeda a hankali ka tabbatar har yanzu tana ɗan tsayawa a tsakiya, domin a na'urar da ta sha aiki wurin yana sakwarkwacewa. In da hali, a kunna a gabanka ka buga haɗi ɗaya a matsakaicin mataki, shi ne zai fallasa duk madannin da ya mutu. Idan ka kai gida ka ga kana bugawa daidai amma wasan yana cewa ka makara, kada ka zargi faifan tukuna. Talabijin na zamani suna jinkirta hoto da sauti kaɗan. Ka shiga saitin wasan ka daidaita jinkirin, ka kuma sa talabijin ɗin a yanayin gem idan tana da shi.